Shafi Biyu na Ban Haƙuri

Gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: wawan wannan labari ni ne. Ɗan sandan da ya murɗe wa ɗana hannu mugu ne, kuma mugu daban, wawa daban. Wautar tawa ce ni kaɗai, da gemuna fari fat da tabarau biyu, ɗaya na karatu, ɗaya na hango lambar bas.

Karatuna na boko a aji biyar ya tsaya. Ina so a lura cewa ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. Mahaifina ne ya ga cewa yaron da ya iya rubuta "Yallaɓai" da Turanci ai ya sauke. Daga nan na kafa ɗan tebur a gaban gidan waya a Kano, ina rubuta wa mutane wasiƙa: mai neman aikin masinja, tsohon sojan da aka manta da shi, matar da mijinta ya tafi Ikko hanya ta ɓace masa. A kan teburin nan na koyi ilimin da na ɗauka ya fi digiri. In za ka yi magana da hukuma, ka fara sunkuyawa. Ka ɗauki laifi ko ba naka ba ne, ka yi godiya ko ba a yi maka komai ba, sa'an nan ka saƙa buƙatarka a layin ƙarshe, kamar a bakin ƙofa ka tuna da ita.

Da wannan ilimi na biyo wani maigidana Ingila ina saurayi. Ya gama karatunsa ya koma, ni na maƙale a Birmingham. Na yi aikin masana'anta har bayana ya ce ya isa, na koma wankin bas a gareji har na yi ritaya. A unguwarmu Small Heath kuwa, duk Bahaushen da council, wato hukumar gari, ta aiko wa takarda mai jan rubutu, ƙofata yake ƙwanƙwasawa. Wasiƙata ta sa an gyara rufin gida uku. Nakan faɗi haka a ƙofar masallaci, don tarihi kawai.

'Ya'yanmu huɗu da Hajiya, duk a nan aka haife su. Babban namiji ne, kuma ba za ku ji sunansa a nan ba, don ni kaina ban taɓa kiransa da shi ba. Ɗan fari ne. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san zancen: ɗan fari ba a kama sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a shigar masa faɗa. In ya yi rigima da ɗan maƙwabta, naka za ka fara tsawatarwa, ka taka ka ba da haƙuri, ko da shi aka fasa wa kai. Kawaici ke nan. Haka ubana ya yi mini, ban mutu ba. Ranar da yaron nan ya gama karatun likitan haƙori, iyaye Turawa suna ta rungumar 'ya'yansu suna kuka, ni na dube shi cikin baƙar rigar nan na ce, "Hularka ta karkace." Ya gyara. Ya gane abin da nake nufi. Ko dai in ce na ɗauka ya gane.

A Manchester yake zaune da matarsa da yaransu biyu. Wata Asabar da hantsi ya je unguwar Moss Side sayen nama. Ya fito daga shagon mahauci riƙe da leda, sai ga 'yan sanda biyu a jikin motarsa, wai ana neman wata mai irin launinta. Suka ce ya ajiye leda ya juya baya. Ya ce yana so a faɗa masa dalili tukuna, da sunan wanda zai caje shi, don doka ta ba shi wannan. Abin da ya faru a mintin da ya biyo baya, shi aka kusan shekara biyu ana gardama a kansa. Su sun ce ya ɗaga murya, ya fizge hannu, ya zaburo kamar zai kai duka. Shi ya ce ko ledar bai saki ba sai da aka buge ta. Wanda ba gardama a kai shi ne an kifa fuskarsa a kan motarsa, an sa masa ankwa ta baya an matse, ya yi ta cewa tana cin hannunsa ba a sassauta ba, an kulle shi a ofis har bayan la'asar, sa'an nan aka sake shi ba tare da tuhuma ba. Naman ma mahaucin ne ya tsince ya ajiye masa a firji.

Washegari muka hau jirgin ƙasa ni da Hajiya. Muka tarar da shi a falo, hannun dama a kan matashi. Wuyan hannun ya kumbura, ga zobe biyu baƙi wuluk kamar an ɗaure akuya da waya. Matarsa ta ce babban yatsa da manuni ba ya jinsu, ko an tsira allura. Hannun da yake riƙe ƙarfen aiki da shi a bakin mutane. Hajiya, wadda ita ma ɗan farinta ne, ta dubi bango ta ce masa sannu, ta shige kicin. Famfo ta buɗe don kada a ji, amma na ji.

Ni kuwa na zauna na gyara riga na ce, "Kai ma me ya kai ka tambayar ɗan sanda dalili? Kura ta kama ka, ka ce ta ba ka rasit?"

Ya ɗago ya dube ni. "Baba, ban yi komai ba."

"Na ji. Sai haƙuri."

Allah ne shaidata, na yarda da shi tun kafin ya buɗe baki. Yaron da in gizo-gizo ya shiga banɗaki sai ya kife shi da kofi ya kai shi waje, ƙannensa suna ihu a kashe. Amma faɗin hakan ba ya cikin abin da aka koya mini.

A jirgi muna dawowa tsoro ya kama ni. Na san hukuma, ko in ce na san irin wadda na sani. In ta sa maka ido ba ta ɗaukewa. Na ga an rubuta sunansa a wani littafi, na ga an karɓe masa takardar aiki, na ga shekarun da uwarsa ta yi tana ɗinki don ya yi karatu sun bi ruwa. Litinin bayan na dawo daga asuba na ɗauko takarda mai layi da alƙalamina na musamman, wanda ba na ba yara aro. Na rubuta wa shugaban ofishin da aka tsare shi.

Na ce ni ne mahaifin wanda yaransa suka kama ranar Asabar, na rubuto in ba da haƙuri a madadinsa. Na ce yaro ne mai taurin kai da saurin fushi tun yana ƙarami, mun sha fama da shi. Na ce na tabbata da ya yi biyayya da ba a kai ga haka ba, kuma na yi masa faɗa sosai. Na gode wa jami'an da suka yi haƙuri da shi suka sake shi. A layin ƙarshe, a bakin ƙofa, na roƙi a taimaka a goge sunansa daga littafinsu saboda aikinsa. Shafi biyu cif, ba gogewa ko ɗaya.

Za ku ce ƙarya na yi. A wurinmu wannan gaisuwa ce. Mara lafiya yana nishi a tambaye shi jiki ya ce da sauƙi, wa ya taɓa ce masa maƙaryaci? Uba ya ce ɗansa ba ya ji, mai sauraro ya ce haba, ai yaron kirki ne, mu ma namu sun yi kuskure. Kowa ya sunkuya, magana ta mutu. Ni ɓangarena na yi, ina jiran nasu. Na kai gidan waya da kaina, na aika ta irin aiken da sai an sa hannu a karɓa, na soke rasit a aljihun babbar rigata. Ban faɗa wa kowa ba.

Ranar Alhamis yaron ya zo Birmingham, hannu a ɗaure. Autarmu, wadda take aikin akanta, ta samo lauya a wajen Perry Barr mai irin wannan shari'a, kuma shi da kansa ya ce in raka shi. Na sa babbar rigar nan, don ba a zuwa wurin lauya da jamfa.

Lauyar yarinya ce, sa'ar autata. A nan aka haife ta, iyayenta mutanen Jos ne, 'yan coci. Hausarta tana ɗingishi amma tana isa inda za ta. Ta ɗan rusuna ta ce, "Baba, kun zo lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Babanki ya fita ne? Lauyan muke nema."

Ta ce, "Ya aiko ni in riƙe masa kujera, Baba. Shekara tara ke nan bai dawo ba."

Na ce a raina wannan za ta iya.

Ta sa ya ba da labari tun daga ajiye mota, tana rubutu, tana tsayar da shi: ƙarfe nawa, wane hannu aka fara kamawa, wa yake tsaye a ina. Sa'an nan ta ajiye biro ta shiga yi mana bayani, rabi Turanci rabi Hausa saboda ni. Ta ce a ɗauki hoton hannun kullum har zoben ya ɓace, ya koma wurin GP, wato likitansa na unguwa, a tura shi ga likitan jijiya, don ciwon da likita bai rubuta ba, a kotu bai faru ba.

Na ce, "Ai uwarsa ta ba da man zafi, ana gasa masa da ruwan ɗumi."

"A ci gaba da gashi, Baba. Amma alƙali ba ya karanta tawul."

Ta ce yau ɗin nan za ta rubuta wa 'yan sanda su adana hoton kyamarar da suke maƙalawa a ƙirji, don in ba wanda ya nema, wajen wata guda ake sharewa. Na shagon mahauci ma ya fi saurin gogewa, a je a karɓa gobe. Za ta nemi takardar da suke rubuta duk abin da ya sami mutum tun shigarsa ofis har fitarsa. Duk wanda ya gani da ido, a ɗauki maganarsa yanzu tana da ɗumi.

Ta ce hanya biyu ce. Akwai ƙorafi, wanda yawanci su ne za su binciki kansu.

Na ce, "A ba kura ajiyar nama."

Ta ce haka ne, kada mu sa rai. Amfaninsa ɗaya: zai sa waɗannan biyun su rubuta nasu labarin tun da wuri, su sa hannu, gobe ba su da damar canza shi. Sai kuma ƙara a kotu, ita ce ta gaske. Kuma ba ƙaramin ɗan sandan ake kai ƙara ba, shugabansu na yankin ake kaiwa, don shi ke ɗauke da alhakin yaransa.

Na ce, "Akuya ta yi ɓarna, a kama mai ita."

"Baba, da kun yi lauya."

Na ji daɗin wannan magana fiye da kima. Ta ci gaba, ta ce a kan tsare mutum da taɓa jikinsa, da zarar an nuna an yi, su ne za su kawo hujjar da ta halatta musu. Zancen launin fata ya fi wuyar tabbatarwa, kuma wa'adinsa ya fi gajarta, wata shida ne, don haka ba zama. Shi dai yana sauraro, ya tallafe hannu. Da ta tambaye shi me yake so a ƙarshe, ya ce, "Layi ɗaya. Su rubuta cewa ban yi laifi ba, su ne suka yi kuskure. In nuna wa 'ya'yana." Ta ce kotu diyya take iya sawa a biya, ba ta iya tilasta ban haƙuri. Amma in shari'a ta yi ƙarfi har suka ji tsoron shiga kotu, a wajen sasanci ana iya matsa su su rubuta.

Har mun fara haramar tashi ta ɗaga yatsa. "Abu na ƙarshe, kuma ya fi duka. Daga yau ba mai magana da su sai ni. Ba waya, ba wasiƙa, ba rubutu a intanet. Ko gaisuwa." Auta take kallo, don ita ce mai waya a hannu kullum. "Akwai wanda ya riga ya ce musu wani abu?"

Rasit ɗin yana aljihuna. Na ji shi kamar garwashi.

Na ce, "Mu da ko intanet ɗin ba mu san ƙofarsa ba?"

Aka yi dariya, har shi ya murmusa, karo na farko tun Asabar. Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Kunya ta hana ni, amma ba ita kaɗai ba, kada in yi wa kaina kwalliya. Ina jiran amsa ne. Na riga na hango ranar da ambulan mai tambari za ta faɗo ta ƙofa, babban ɗan sanda yana cewa haba Alhaji, ai namu ne suka yi kuskure, in ɗauko in ajiye a gaban yarinyar nan in ce, ga abin da aji biyar ya yi.

Wata ya bi wata. Kullum mai kawo wasiƙa ya wuce sai na leƙa. Takardar wuta, takardar asibiti, tallar abinci.

Kyamarar mahauci, ashe teburin ciniki take kallo, ƙafafu kawai ta ɗauka ta ƙasan gilashi. Shi kansa mahaucin sai da ya ji ihu ya fito. Ta ƙirjin ɗan sanda kuwa ta fara ne daga inda fuskar ɗana take kife a kan mota, wai ya manta bai danna da wuri ba. An ji shi sarai yana cewa ankwa tana cin hannunsa, an kuma ji an ce masa ya rufe baki. Amma mintin farko, wanda a kansa komai ya rataya, ba mai shi sai baki da baki. Ƙorafi ya dawo da amsar da aka zata: sun duba, ba su ga laifin kowa ba. Lauya ta ce ba komai, yanzu labarinsu yana hannunta a rubuce, kuma na ɗayan bai yi daidai da na ɗayan ba a wuri biyu. Ta aika musu takardar gargaɗin shiga kotu, ta zayyana komai.

Hannun ya dawo rabi. Manuni ya farfaɗo, babban yatsa ya ƙi. Ya bar cire haƙori da duk aikin da ke son laushin hannu, ya koma dubawa da koyar da ɗalibai. Da Sallah ya zo, na ga kofin shayi ya suɓuce masa a kan dardumar uwarsa, ya tsaya yana kallonsa kamar wani ne ya yar. Matarsa ta gaya wa Hajiya cewa ita ke zuwa sayen nama yanzu. In ya ji jiniya yana tuƙi, sai ya gangara gefe ya kashe mota, yara suna tambaya me ya faru.

Rannan auta ta ce lauya tana son ganinmu, har da ni. Na ce a raina an fara gane darajar manya.

Ba ta rusuna ba a ranar, gaisuwar ma a gajarce. Ta ce lauyoyin 'yan sanda sun amsa, sun musanta komai, kuma sun haɗo da wata takarda. Ta turo ta tsakiyar tebur. Tun daga nesa na gane ta, ko tabarau ban canza ba. Duk Small Heath ba mai lanƙwasa wutsiyar harafi irin tawa.

Ya ja ta da hannun hagu. Ya karanta shafin farko, ya juya, ya karanta na biyu, ya koma farko. Auta ta leƙa ta kafaɗarsa, ta dafe baki.

"Baba, yaushe?"

"Litinin ɗin nan."

"Kafin mu zo nan."

"Eh."

Ya sa yatsa a kan layi. "Saurin fushi."

Na ce, "Kai ma ka san yadda ake yi. Magana ce ta manya, ba a nufin..."

"Na sani," in ji shi. "Su ne ba su sani ba."

Lauya ta ce shari'a ba ta mutu ba. Ba na wurin da abin ya faru, za ta yi gardama cewa takardar ba ta da nauyi. Amma ba ta da tabbacin alƙali zai hana a karanta. Irin wannan ƙara kuma sau da yawa mutanen gari ake zaɓowa su zauna su saurara su ce wa suka gaskata. Direban bas, mai shago, malamar makaranta. Za a tashi a karanta musu cewa uban da ya haife shi ya ce mafaɗaci ne, ya ce da ya yi biyayya da ba a kai ga haka ba, kwana ɗaya bayan ya ji labari daga bakinsa. Ta ce sun kuma haɗo da tayi: za su biya diyya a rufe magana, ba amsa laifi, ba ban haƙuri. In aka ƙi, aka je kotu aka sami abin da bai kai tayin ba, kuɗin lauyoyinsu na iya dawowa kansa.

Auta ta ce, "To ba gyara?"

"Akwai. Baba ya ba da shaida a rubuce, ya bayyana al'adar, ya faɗi ainihin halin ɗansa. Sa'an nan ya tsaya a kotu ya maimaita." Ta juyo gare ni. "Ba zan ɓoye muku ba, Baba. Lauyansu zai tambaye ku, ran nan kuka yi ƙarya ko yau."

Na ce, "Ni da na tsaya gaban council sau nawa? A kawo shi."

Ta jawo takarda ta buɗe biro. "To bismilla. Ku faɗa mini da bakinku. Wane irin mutum ne ɗanku?"

Yana zaune a gefena, gwiwarsa kusa da tawa. Ina jin numfashinsa.

Ina da abin faɗa, kada ku ce babu. Lokacin da bayana ya kwantar da ni wata huɗu, yana ɗan shekara goma sha biyar, shi ke tashi ya kai ƙannensa makaranta ya dawo ya juya ni a gado, bai taɓa tsaki ba. Wani yaro ya taɓa tofa masa yawu a bas, ya share ya sauka ya ƙarasa gida a ƙafa, sai a bakin ƙanwarsa na ji. Tunda ya yi wayo bai taɓa ɗaga murya a gabana ba. Duk suna nan a maƙogwarona, sun yi layi. Na buɗe baki. Sai na ji kamar ubana yana tsaye a bayana yana jira ya ji ko zan zubar da mutunci in yabi ɗan fari a kan idonsa, gaban 'yar mutane.

Na ce, "To, ba laifi. Sai dai ba a ajiye tuwo kusa da shi."

Ba wanda ya yi dariya. Biron lauya yana tsaye a kan takarda bai motsa ba. Auta ta kau da kai wajen taga.

Yarinyar nan tana da hankali. A hankali ta ce, "Likita, ko za ka ɗan ba mu wuri? Zan ɗauki bayanin Baba shi kaɗai."

Ya ce, "A'a." Ya faɗa da Turanci, ya sake faɗa da Hausa don in ji da kyau. "A bar shi. Ba za a tsayar da mahaifina a gaban mutane a ce masa maƙaryaci saboda ni ba. Ki karɓi tayin."

Ta ce ya je ya yi tunani, akwai sauran kwanaki, wuri biyun nan da labarinsu ya saɓa ba ƙaramin abu ba ne, tana ganin za a iya. Ya ce ya gode. Na ce, "Kai, tsaya mana, ai zan faɗa." Ya ce, "Na sani, Baba." Ya miƙo mini sandata.

Bayan mako guda ya sa hannu. Auta ta ce sa hannun kamar na ɗan firamare, don yatsan ba ya riƙe biro. Lauya ta sake gwadawa ko za su ƙara layin nan guda ɗaya, suka ce abin da ke takarda shi ke nan.

Bai yi fushi da ni ba, da ya yi da na sami sauƙi. Duk Juma'a yana bugo waya. Ya tambayi gwiwata, in ce da sauƙi. In tambayi hannu, ya ce da sauƙi. Ya ce a gaida mutanen masallaci, ya ba yara su gaishe ni da Hausarsu ta Manchester. Zancen takarda bai sake fitowa daga bakinsa ba. Yanzu shi ke yi mini kawaici, kuma ya fi ni iyawa.

Hajiya ma nata kawaicin ta yi. Auta ta gaya mata duka a ranar, na ga ta ji, ta tashi ta ɗora tukunya. Wata biyu tana ba ni abinci a kan lokaci, tana amsa mini da to.

Wata Talata bayan azahar wani maƙwabcinmu ya shigo, bangon ɗakin 'ya'yansa yana tsattsafo da ruwa, yana so in rubuta wa council. Na ce ya dawo da la'asar. Da ya fita na ɗauko takarda mai layi da alƙalamina na musamman na zauna a teburin kicin. Hajiya tana gefe tana yanka alayyahu. Shirun ya yi mini yawa, ni kuwa shiru ba ya zama da ni.

Na ce, "Kin ga dai har yanzu ana neman tsohon hannu." Ba ta ɗago ba. Na ce, "Kuma in an bi ta a hankali, abin nan na yaron nan ai sulhu aka yi. Sulhu kuwa alheri ne. Sun biya. Wa ya sani ma ko wasiƙar tawa ce ta sanyaya musu zuciya suka yi tayin?"

Ta ajiye wuƙa. Ta goge hannu a zane. Sa'an nan ta kira sunan ɗanta, cikakke, wanda aka raɗa masa ranar suna, wanda shekara arba'in da 'yan kai ban taɓa ji a bakinta ba. Ta dubi takardar da ke gabana, ta dube ni.

"Malam, waɗanda suka lalata masa hannu ka ba su haƙuri shafi biyu. Shi da ka lalata wa shari'a fa, takardar ce ta ƙare, ko tawadar?"